Wuta da Auduga: Saɓanin Gazali da Ibnu Rushdi a Kan Iyakar Hankali a Cikin Addini

Idan aka kusantar da auduga ga harshen wuta, sai ta kama, ta yi baƙi, ta koma toka. Babu mai musun wannan, tun daga yarinyar da ke hura murhu har zuwa malamin kimiyya. Amma da zarar an tambaya cewa mene ne ya ƙona audugar, sai a tarar da cewa tambayar da ta yi kama da ta ƙananan yara ta raba kan wasu daga cikin mafiya zurfin tunani a tarihin Musulunci. Ɗalibin da ya karanta tauhidi a zaure yana da amsarsa a haddace, wato wuta ba ta da tasiri da kanta, Allah ne yake halittar ƙuna a daidai lokacin da ta haɗu da auduga. Abin da ba kowane ɗalibi ake gaya wa ba shi ne, wannan amsa ta sami ƙarfinta ne a fagen wata muhawara ta falsafa, kuma tana da abokiyar hamayya wadda wani babban alƙali Bamalike ya kare da hujjoji masu nauyi. Ina ganin wanda yake son ya fahimci yadda hankali yake binciken addini, da inda binciken yake tsayawa, zai fi amfana da wannan muhawara guda ɗaya a kan dogayen jawaban da ake yi na yabon falsafa ko tsine mata.

An haifi Abu Hamid Gazali a Ɗus, cikin ƙasar Khurasan, wajajen shekarar 1058. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, inda ɗalibai kusan 300 suke zama a gabansa. A wancan zamani falsafar Girka ta riga ta zauna daram a cikin harshen Larabci. An fassara littattafan Aristo, wanda Turawa ke kira Aristotle, sannan Alfarabi, wanda ya rasu a 950, da Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, suka gina a kansu wani tsari cikakke da yake bayani a kan Allah da duniya da rai da annabci. Waɗannan mutane ba su ɗauki kansu maƙiya addini ba. Ibnu Sina ya kafa hujja a kan samuwar Allah wadda malaman tauhidi na baya suka ci moriyarta, cewa duk abin da samuwarsa mai yiwuwa ce kawai yana buƙatar wanda zai samar da shi, har a tuƙe ga wanda samuwarsa wajibi ce. Matsalar ta taso ne daga da'awarsu cewa abin da suka faɗa game da Allah ya kai matsayin yaƙini irin na lissafi, kuma idan zahirin nassi ya saɓa masa, to nassin misali ne da aka buga wa gama-garin mutane.

Gazali ya faɗa da bakinsa cewa raddi a kan ilimin da mutum bai kai ƙarshensa ba harbi ne a cikin duhu. Don haka ya shafe kusan shekara biyu yana karanta littattafansu a lokutan da ya samu sarari daga koyarwa, ya ƙara kusan shekara guda yana juya su a zuci. A farkon 1095 ya kammala Tahafutul Falasifa, ma'ana rugujewar masana falsafa ko tuntuɓensu. Ya tattara mas'aloli 20. A cikin 17 ya hukunta su da bidi'a, a cikin 3 kuma da kafirci: cewar duniya ba ta da farko a zamani, da cewar Allah ya san abubuwa a dunƙule ba ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Hukunci ne mai tsanani, kuma bai kamata a sassauta shi a wajen ba da labari ba. Sai dai hanyar da ya bi ita ce abin lura. A mafi yawan littafin bai jefe su da aya ko hadisi ba. Ya ɗauki ma'aunin da suka yarda da shi, wato manɗiƙi, ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ya auna hujjojinsu da shi, ya nuna cewa ba su cika sharuɗɗan yaƙinin da suke alfahari da shi ba. Ya kuma gargaɗi masu kishin addini da kada su musanta abin da lissafi ya tabbatar, kamar sababin husufin rana da na wata, domin wanda ya san lissafin, idan aka ce masa addini ya hana, zai yi shakka a kan addinin ne, ba zai yi shakka a kan lissafin ba.

Mas'ala ta 17 ita ce ta wuta da auduga. Masana falsafa sun ce alaƙar sababi da abin da yake haifarwa alaƙa ce ta dole: matuƙar wuta wuta ce, auduga kuma auduga ce, babu abin da ya shiga tsakani, to ƙuna ba makawa. Gazali ya tambaye su da me suka san haka. Iyakar abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta faru a lokacin haɗuwar, ido bai taɓa ganin cewa ta faru saboda haɗuwar ba. Ganin abu biyu tare, ko sau dubu ne, ba ya nuna cewa ɗaya ne ya yi ɗayan. Ya buga misali da wanda aka haifa da yana a idanunsa, bai taɓa jin labarin dare da rana ba, sai aka cire masa yanar da rana tsaka. Zai ɗauka buɗe ido ne kaɗai yake kawo ganin launuka, kuma ba zai gane kuskurensa ba sai rana ta faɗi, ya ga ido a buɗe amma launi ya ɓace. Ta ina muka tabbatar da cewa babu wani sababi da yake tare da mu kullum, wanda rashin gushewarsa ne ya hana mu lura da shi?

Abin da ya sa ya damu da wannan a fili yake. Idan ƙuna dole ce, to labarin Annabi Ibrahim da aka jefa cikin wuta ta zama sanyi da aminci, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya, sai dai a yi masa tawili, haka ma sandar Annabi Musa. Bayan mu'ujiza kuma akwai abin da ya fi ta girma, wato ko Allah mai zaɓi ne da yake aikata abin da ya so, ko kuwa duniya tana fitowa daga gare shi kamar yadda haske yake fitowa daga rana ba tare da nufi ba. Aƙidar cewa Allah ne yake halittar ƙunar kai tsaye ta Ash'ariyya ce, wato mazhabar tauhidi ta mabiya Imam Ash'ari, tun kafin Gazali, amma shi ne ya ba ta sifar da ta fi shahara.

Bai ɓoye wa mai karatu raunin matsayinsa ba, kuma wannan yana daga cikin abin da ya sa nake girmama littafin. Shi da kansa ya kawo ƙorafin abokin hamayya: idan haka ne, wanda ya bar littafi a ɗaki sai ya ce bai san abin da ke ɗakin yanzu ba, wataƙila littafin ya rikiɗe ya zama doki ya ɓata masa sauran littattafai. Amsarsa ita ce Allah yana gudanar da abubuwa a kan al'ada tabbatacciya, kuma ya halitta mana sanin cewa ba zai saɓa ta haka kawai ba, ko da yake saɓawar mai yiwuwa ce. Sannan ya buɗe wata ƙofa ta biyu, wadda masu haddace amsarsa sukan manta da ita. Ya ce ko da an yarda wuta tana da ɗabi'ar ƙuna, Allah yana iya halittar wata sifa a cikin wutar ko a jikin annabin da za ta tsare zafin, kamar yadda mutum yake shafa wani sinadari ya shiga tanderu bai ƙone ba. Ke nan abin da ya dage a kai shi ne kore dole, bai dage a kan cewa abubuwa ba su da ɗabi'a ko kaɗan ba.

Amsar ta zo daga yammacin duniyar Musulunci bayan shekara tamanin da wani abu. An haifi Abul Walid Ibnu Rushdi a Ƙurɗuba ta Andalus a 1126, a gidan alƙalai, domin kakansa ma babban alƙalin birnin ne kuma jigo a mazhabar Malikiyya. Shi ne mai Bidayatul Mujtahid, littafin da ɗaliban fiƙihunmu suke karantawa har yau, da yawansu ba tare da sun san cewa marubucinsa shi ne babban mai sharhin Aristo ba. Wajajen 1180 ya rubuta Tahafutut Tahafut, yana kawo maganar Gazali sakin layi bayan sakin layi yana amsawa. A kan wuta da auduga ya ce abubuwa ana gane su ne da ayyukansu. Da me muka bambanta wuta da ruwa, in ba da cewa wannan tana ƙonawa wancan yana jiƙawa ba? Idan aka cire wa wuta ƙuna, sunanta da ma'anarta sun tafi, duk abubuwa sun zama abu ɗaya. Hankali kuwa aikinsa shi ne riskar abubuwa tare da sababansu, don haka wanda ya kore sababi ya kore ilimi, har da ilimin da yake son ya kafa hujja da shi a kan samuwar Mahalicci. Domin hujjar da Alƙur'ani ya fi maimaitawa ita ce tsarin halitta da hikimar da ke cikinta, kuma littafin da kansa ya ce ba za a sami sauyi ga sunnar Allah ba. Ya kuma matsa wa kalmar al'ada: al'adar wa ake nufi? Idan ta Allah ce kuma ba ta canzawa, to ita ce abin da masana falsafa suke kira ɗabi'a, saɓanin ya koma na suna.

A nawa ganin kowannensu ya riƙe wani abu da ɗayan bai iya ƙwacewa ba. A kan tambayar ko gani kaɗai yana tabbatar da dole, Gazali ne da gaskiya, kuma Ibnu Rushdi bai rushe wannan ba. Fiye da shekara 600 bayan Gazali, masanin falsafar nan na Sikotland, David Hume, ya isa ga irin wannan sakamako, cewa abin da muke gani jerantuwa ce kuma sabo ne yake sa mu kira ta dole, ko da yake shi ya yi amfani da tunaninsa wajen shakkar mu'ujiza, akasin inda Gazali ya nufa. Amma a kan abin da aƙidar take iya haifarwa idan ta faɗa hannun wanda ya riƙe rabinta, tsoron Ibnu Rushdi yana da tushe. Mutumin da aka koya wa cewa magani ba ya warkarwa, aka tsaya nan, ba a ƙara masa da cewa Allah ya ɗora warakar a kan al'adar da ba ta saɓawa sai da mu'ujiza ba, zai iya barin ɗansa babu magani yana zaton tawakkali yake yi. Gazali bai koyar da haka ba, kuma hadisin ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah ya riga su duka biyun. Sai dai magana idan ta yi tafiya mai nisa, sharuɗɗanta ne suke fara zubewa a hanya.

Akwai wani ɗan ƙaramin littafi na Ibnu Rushdi, Faslul Maƙal, inda ya ɗauki batun gaba ɗaya a matsayin tambayar fiƙihu: shin nazarin falsafa halal ne, ko haram, ko abin da shari'a ta yi umarni da shi? Ya kafa hujja da ayoyin da suke umarni da lura da tunani a kan halitta, kamar ta Suratul Hashri da take kiran ma'abota basira su yi lura, ya ce wajibi ne a kan wanda ya cancanta. Game da cewa kayan aikin daga Girkawa aka aro, ya ce wuƙar yanka ba a tambayar addinin wanda ya ƙera ta matuƙar ta cika sharuɗɗa. Game da waɗanda suka ɓata ta dalilin falsafa, ya ce ba a hana mai ƙishirwa ruwa don wani ya taɓa shaƙewa da shi ya mutu. Ginshiƙin littafin shi ne gaskiya ba ta karo da gaskiya, don haka idan hujja yankakkiya ta saɓa wa zahirin nassi, nassin yana karɓar tawili bisa ƙa'idojin Larabci. Abin mamaki, Gazali ma ya yarda da wannan ƙa'ida, domin shi ma yana tawilin hannu da zama a kan al'arshi. Saɓaninsu yana kan wace hujja ce ta kai a kira ta yankakkiya. Ibnu Rushdi yana ganin ilimin Aristo ya kai, Gazali yana ganin a fagen sanin Allah bai kai ba. Tarihi ya nuna cewa abubuwa da dama da Ibnu Rushdi ya ɗauka tabbatattu a ilimin taurari da ɗabi'a na Aristo sun rushe, wanda hakan ya ƙara wa taka-tsantsan ɗin Gazali daraja.

Duk wannan a kan aƙida ne, abin da ake iya faɗa da baki a auna. Ruhaniyya ta fi wuyar kamawa, kuma a nan rayuwar Gazali ita kanta ta zama hujja. A shekarar da ya gama Tahafut harshensa ya ɗaure, ya kasa koyarwa, abinci ya daina shiga, har likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya binciki niyyarsa ya ga neman girma ne ya fi yawa a cikinta. A ƙarshen 1095 ya bar Bagadaza da muƙaminsa, ya tafi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur. A cikin Almunƙizu minad Dalal ya bayyana abin da ya gano, cewa akwai bambanci tsakanin sanin ma'anar lafiya da kasancewa lafiyayye, tsakanin sanin ma'anar ƙoshi da ƙoshin kansa. Likita marar lafiya ya san ta'arifin lafiya amma ba shi da ita. Abin da sufaye suke da shi, in ji shi, ɗanɗano ne, wanda ake kira zauƙi, kuma karatu ba ya kai mutum gare shi sai aiki da gyaran zuciya.

Tambayar falsafa a nan ita ce, idan ɗanɗano ya fi ƙarfin bayani, da me za a bambanta na gaskiya da ruɗi? Kowane mai da'awa zai iya cewa ya ɗanɗana. Gazali ya ba da ma'auni wanda nake ganin shi ne mafi amfani a cikin duk abin da ya bari. Ya ce a matakin walittaka ana iya bayyana wa bawa abin da hankali ya gaza kaiwa gare shi, amma ba zai yiwu a bayyana masa abin da hankali ya hukunta cewa korarre ne ba. Wanda ya ce an sanar da shi wani abu na gaibu, maganarsa tana cikin abin da hankali bai kore ba, ko da bai iya tabbatarwa ba. Wanda ya ce ya zama Allah, ko Allah ya shiga cikinsa, ya faɗi abin da ba zai yiwu ba, kuma ƙarfin abin da ya ji a zuciya ba ya mayar da shi gaskiya. Da wannan, hankali ya ci gaba da zama mai gadin ƙofa ko a fagen da ba shi ne mai masauki ba. Ma'aunin bai warware komai da komai ba, domin tsakanin korarre da tabbatacce akwai fili mai faɗi na da'awoyin da ba su saɓa wa hankali ba amma babu hanyar gwada su, kuma a nan Gazali yakan koma ga shari'a da halin mai da'awar. Ibnu Rushdi bai musanta cewa tsarkake zuciya yana taimakon mai nazari ba, amma bai yarda a mayar da hanyar sufaye hanyar kowa ba.

Ana yawan cewa Gazali ne ya kashe falsafa a duniyar Musulmi. Tarihin bai goyi bayan haka ba. Faharuddin Razi, wanda ya rasu a 1210, ya yi sharhin Ibnu Sina ya cusa mas'alolinsa cikin ilimin kalam, wato ilimin kare aƙida da hujjojin hankali, Suhrawardi da Nasiruddin Ɗusi da Mulla Sadra duk bayan Gazali suka zo, kuma a ƙarni na 15 Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Muhammadu Alfatih ya sa malamai biyu su sake duba wannan muhawara su rubuta a kanta. Gazali da kansa ne ya sa manɗiƙi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa, yana cewa wanda bai san shi ba, ba a amince wa iliminsa. Wanda ya rasa magada a cikin Musulmi shi ne Ibnu Rushdi. A 1195 aka kore shi zuwa Lusena aka ƙona wasu littattafansa, daga baya aka yafe masa, ya rasu a Marakish a 1198. Littattafansa sun fi samun masu karatu a Latin da Ibrananci, a makarantun Turai.

Ta hanyar Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, ne gadon ya iso mana. Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya buɗe Ummul Barahini da rabe-raben hukuncin hankali zuwa wajibi da korarre da mai yiwuwa, kuma a rubuce-rubucensa ya bayyana hukuncin al'ada da cewa alaƙa ce da maimaituwa ta tabbatar, tare da yiwuwar saɓawa, ba tare da ɗaya ya yi tasiri a ɗaya ba. Wannan mas'ala ta 17 ce aka matse ta cikin layi biyu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya aika wa Suyuɗi baitoci yana kare manɗiƙi bayan Suyuɗi ya haramta shi, yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Abdurrahman Ahalari, mai ɗan littafin tsarki da salla da yaranmu suke farawa da shi, shi ne kuma mai Sullam a ilimin manɗiƙi, inda ya kawo ra'ayi uku: masu haramtawa irin su Ibnus Salah da Nawawi, da masu cewa ya kamata a koya, da ra'ayin da ya zaɓa, cewa ya halatta ga mai cikakkiyar basira da ya goge a Alƙur'ani da sunna.

Ilimin hujja yana da tasa fitinar, kuma ƙasarmu ta ɗanɗana ta. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an sami wasu ɗaliban kalam da suke tare talakawa suna tambayarsu dalilan sifofin Allah, wanda ya kasa kawowa a tsarin malamai su ce ba Musulmi ba ne. Shehu, wanda ya san ilimin sarai, ya yi rubuce-rubuce da dama yana raddi a kansu, yana cewa wanda ya furta shahada kuma bai bayyana abin da yake warware ta ba, Musulmi ne, kuma Annabi da sahabbai ba su taɓa yi wa masu shiga Musulunci irin wannan jarrabawa ba. A kan wannan gaɓa Gazali da Ibnu Rushdi, duk da nisan da ke tsakaninsu, sun tsaya wuri ɗaya da shi. Gazali ya rufe rayuwarsa a 1111 da wani littafi na kame gama-gari daga kutsawa cikin kalam, Ibnu Rushdi kuma ya zargi malaman kalam, har da Gazali, da cewa sun fitar da tawili kasuwa sun rikita imanin mutane. Manomin da ya dubi damina ya ce akwai mai saukar da ita ya riƙi hujja daidai gwargwadonsa, kuma dukansu uku sun hana a tilasta masa ya zuba ta a tsarin Sanusi kafin a karɓi imaninsa.